Yadda ake kama jirgin ƙasa daga filin jirgin saman Frankfurt

Yawancin 'yan uwanmu da ke sauka a Frankfurt ba can ne ƙarshen tafiyarsu ba. Wani ɗalibi ne da zai wuce Göttingen ko Aachen, wata za ta je wurin mijinta a Bonn, wani kuma baje kolin kayan masana'antu ne ya kawo shi Kolon. Dukkansu suna da sauran tafiya bayan jirgin sama ya ajiye su, kuma a Jamus sauran tafiyar nan ta jirgin ƙasa ce. Tasi daga filin jirgi zuwa wani gari sai ta cinye kuɗin abincin wata guda. Filin shi ne mafi girma a ƙasar, fasinja sama da miliyan 60 suka bi ta cikinsa a 2024, amma duk girman nan abin da baƙo yake buƙatar ya riƙe bai da yawa: tashoshin jirgin ƙasa biyu ne a wurin, kuma tikitin da ke hannunka shi ne zai faɗa maka wadda za ka nufa. Aikin kuwa tun daga gida ake fara shi.

Tun kana gida

Ka sauke manhajar DB Navigator a wayarka. Ta kamfanin jiragen ƙasa na Jamus ce, Deutsche Bahn, kuma ana iya mayar da ita Turanci. A wurin tashi ka rubuta Frankfurt Flughafen, wato filin jirgin saman Frankfurt, a wurin sauka ka rubuta garin da za ka, da sunan da Jamusawa suke kiransa, domin shi za ka gani a allunan tasha: Köln ga Kolon, München ga Munich. Babbar tashar kowane gari ana gajarta ta da Hbf. Ka kula da abu biyu a nan. Akwai wani gari mai suna Frankfurt (Oder) can kan iyakar Poland, ba shi da haɗi da inda za ka sauka. Akwai kuma ƙaramin filin jirgi da ake kira Frankfurt-Hahn, wanda ke da nisan fiye da kilomita 100 daga birnin, kuma babu layin dogo a cikinsa, sai bas. Wanda ya sayi tikitin jirgin sama mai araha daga wata ƙasar Turai ya duba da kyau ko FRA, lambar babban filin jirgin Frankfurt, aka rubuta masa.

Sai maganar irin tikitin, kuma a nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta. Tikitin jirgin dogon zango iri uku ne. Super Sparpreis shi ne mafi araha, Sparpreis na bi masa, amma dukkansu biyun a ɗaure suke da jirgi ɗaya tak, na lokacin da aka rubuta a jiki. Idan jirgin saman ku ya makara, ko layin jami'an shige da fice ya riƙe ka, har jirgin ƙasan ya tashi, to tikitin ya mutu. Kamfanin jirgin ƙasa ba ruwansa da makarar jirgin sama. Na ukun shi ne Flexpreis, ya fi tsada, wani lokaci ninki biyu ko fiye, amma da shi kana iya hawa kowane jirgi irin wanda ka saya da ke bin wannan hanya a ranar.

Shawarata ga wanda wannan ne zuwansa na farko: ko dai ya sayi Flexpreis ya huta, ko kuma, idan aljihu bai ba da hali ba, ya sayi mai arahar amma ya bar tazarar awa uku tsakanin saukar jirgin sama da tashin jirgin ƙasa. Na san awa uku tana da yawa ga wanda ya kwana zaune a kujera. Sai dai zaman jira da kofin shayi a hannu ya fi sake sayen tikiti a farashin ranar, wanda shi ne mafi tsada.

Akwai hanya ta uku da mutane da yawa ba su tambaya. Wasu kamfanonin jiragen sama suna haɗa tikitin jirgin ƙasa da na sama, da sunan Rail&Fly, kuma yana aiki ranar da ka sauka ko washegari. Lufthansa kuma, wadda ke tashi daga Abuja da Legas kai tsaye zuwa Frankfurt, tana da nata tsarin, Express Rail, inda jirgin ƙasan yake ɗauke da lambar tafiya kamar jirgin sama; idan suka makarar da kai, su za su sa ka a na gaba. Ka tambayi ejen ɗin da ke yanka maka tikiti kafin ya kammala, domin tare ake sayen su.

Idan ka sayi tikiti ta manhaja, sunanka yana jiki, kuma mai duba tikiti yana iya neman fasfo. Ka rubuta sunan yadda yake a fasfon. Ka ɗauki hoton tikitin a waya, ka kuma buga shi a takarda, saboda waya takan mutu daidai lokacin da ake nemanta. Ka tanadi 'yan yuro a hannu, takardun 5 da 10 da 20, domin katin bankin gida yakan ƙi aiki a waje ba tare da gargaɗi ba. Sannan agogo: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacin Jamus ɗaya yake da na Najeriya da Nijar, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya. Lokutan jirgi kuma da lissafin awa 24 ake rubuta su, wato 15:09 ƙarfe uku da minti tara ne na rana.

Daga ƙofar jirgi zuwa fita

Da ka sauka, ka haɗa wayarka da Wi-Fi na filin jirgin, kyauta ne. Daga nan sai layin shige da fice. Jiragen da ke zuwa daga Afirka ta Yamma sukan iso da sassafe, lokacin da na Amurka da Asiya ma suke sauka, don haka layin waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba yakan yi tsawo. Tun Oktoban 2025 aka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu na masu gajeren zama, wanda ya ƙara wa layin nauyi. Ka riƙe takardar gayyata ko ta makaranta da adireshin masaukinka a hannu, kada ka bar su cikin akwatin da ke ƙasan jirgi.

Bayan ka ɗauki kaya sai kwastan: ƙofa mai launin kore ga wanda ba shi da abin bayyanawa, ja ga mai shi. Wanda ke ɗauke da tsabar kuɗi da suka kai yuro 10,000 dole ya bi ta ja. A nan zan roƙi iyaye mata da ke haɗa wa 'ya'yansu tsaraba: kilishi da dambun nama da man shanu ba sa shiga Tarayyar Turai, doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu. In an buɗe akwati aka gani za a ƙwace, ana iya cin tara, kuma lokacin da za a ɓata a teburin nan shi ne zai sa jirgin ƙasa ya tafi ya bar yaron.

Duka tashoshin jirgin ƙasan biyu a jikin Terminal 1 suke. Nan Lufthansa ke sauka, haka ma Ethiopian da EgyptAir da Turkish, waɗanda masu tasowa daga Kano ko Yamai suka fi bi. Idan jirginka ya ajiye ka a wani Terminal ɗin daban, ka nemi alamar SkyLine, wani ɗan jirgi ne marar direba da ke yawo a kan gada tsakanin gine-ginen filin, ba a biyan ko sisi. Ka ƙara wa lissafinka kamar minti 20 saboda wannan.

Wace tasha ce taka?

Ta farko ita ce Regionalbahnhof, tashar jiragen kusa. A ƙarƙashin ƙasa take, daidai ƙasan Terminal 1 ta wajen zauren B, tun 1972 take aiki. Layukanta uku ne, Gleis 1 zuwa 3. Nan za ka sauka idan cikin garin Frankfurt za ka, ko Mainz, Wiesbaden, Offenbach, Hanau.

Ta biyu ita ce Fernbahnhof, tashar dogon zango, wadda aka buɗe a 1999. Layukanta daga Gleis 4 zuwa 7 ne. Ita ba ƙasa ake sauka ba, sama ake fara hawa, a bi wata doguwar gada rufaffiya da ta tsallake titi, a kai ga wani zaure mai rufin gilashi, sannan a gangara wurin jiragen. Mai jan akwati biyu ya ba wa tafiyar nan minti 10 zuwa 15. Nan fararen jiragen ICE masu jan layi a jiki suke tsayawa.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka dubi lambar Gleis a tikitinka ko a manhaja. Daga 1 zuwa 3, ƙasa za ka yi. Daga 4 zuwa 7, gada za ka bi. A rubuce kuma za ka ga Regionalbf ko Fernbf a ƙarshen sunan tashar. Mai kaya da yawa ko mai goyo ya nemi lif, kada ya jarraba matakala mai tafiya da manyan akwatuna.

Idan cikin gari za ka

Ka sayi tikiti a na'urar da ke saman tashar kafin ka gangara. Ka taɓa tutar Birtaniya allon ya koma Turanci, ka zaɓi tafiya ɗaya zuwa Frankfurt, kuɗin bai kai yuro 10 ba. Tikitin yana fara aiki daga lokacin da ya fito, ba a buga masa hatimi, don haka kada ka saya ka tafi cin abinci na awa biyu. Da shi kana iya sauyawa zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa ko bas a cikin gari har ka kai inda za ka.

Jiragen su ne S8 da S9. Kowannensu yana zuwa ɓangare biyu, don haka ka karanta sunan da ke goshinsa da kuma allon da ke rataye: mai zuwa Offenbach ko Hanau shi ne zai ratsa tsakiyar Frankfurt, galibi daga Gleis 1, mai zuwa Wiesbaden kuwa baya zai juya da kai. Bayan tashi za ka wuce Gateway Gardens, Stadion, Niederrad, sannan Hauptbahnhof, wato babbar tashar gari, cikin ƙasa da rubu'in awa. Idan ka ga Kelsterbach ta taga, to ka hau na Wiesbaden. Ka sauka ka tsallaka ɗaya gefen.

Babu shinge ko mai gadi a ƙofar tashoshin Jamus, kowa shiga yake yi kai tsaye. Wannan ya sa wasu baƙi suke zaton ba a dubawa. Ana dubawa, wani lokaci ma masu duban ba sa sanye da kayan aiki sai sun ciro katin shaida, kuma tarar yuro 60 ce, ba a jin roƙo ko "ban sani ba". Ga wanda ya shigo da biza, sunansa a takardar laifi ya fi tarar ciwo. Ka kuma lura da lambar 1 a jikin tarago ko ƙofar gilashi: sashen masu tikitin daraja ta ɗaya ne, ko da babu kowa a ciki.

Wasu za su ba ka shawarar Deutschlandticket, wanda aka fara a Mayun 2023 kan yuro 49 a wata, farashin ya ɗan hau daga baya. Yana da amfani ƙwarai ga mai dogon zama, domin yana aiki a duk jiragen kusa da bas na ƙasar. Amma ba ya aiki a jiragen dogon zango na ICE ko IC, kuma biyan wata-wata ne da ke sabunta kansa sai ka soke shi kafin ranar 10 ga wata. Mai kwana biyar ba ya buƙatarsa.

Idan ICE za ka hau

Wanda bai sayi tikiti daga gida ba, akwai ofishin sayarwa mai suna Reisezentrum da kuma na'urori a zauren tashar. Kada ka hau da niyyar biya a ciki. Tun farkon 2022 ma'aikatan jirgin suka daina sayar da tikiti a hannu.

Ka tsaya gaban babban allo ka nemi jirginka da lambarsa da lokacinsa, misali ICE da lamba uku ko huɗu a gabansa. Kada ka dogara da sunan garinka kaɗai, domin allon ƙarshen zangon jirgin yake nunawa da manyan baƙaƙe, kuma mai zuwa Kolon yana iya zama na Amsterdam ko Brussels ko Dortmund. Haka nan jirage biyu suna iya tsayawa a layi ɗaya da tazarar 'yan mintuna, sai gaggawa ta sa mutum ya faɗa na farkon. Kalmomin allo da ya kamata ka gane ba su da yawa: Verspätung makara ce, fällt aus an soke jirgin, heute Gleis kuma yau an sauya masa layi. Manhajar tana nuna duk waɗannan, sau da yawa kafin a yi sanarwa.

Dandamalin tsayawa an raba shi da baƙaƙe, A, B, C har gaba, kuma allon da ke samansa yana nuna inda kowane tarago zai tsaya. Idan ka kama kujera, tikitinka zai nuna Wagen, lambar tarago, da Platz, lambar kujera. Ka je ka tsaya daidai harafin taragonka tun kafin jirgin ya shigo. ICE yana da tsawo sosai, tsayawarsa kuma ta 'yan mintuna ce, ba kamar tashar mota ba ce da ake jiran mai sallama da dangi. Ƙofofi suna rufewa 'yan daƙiƙu kafin lokacin tashi. Idan ƙofa ba ta buɗe da kanta ba, ka danna maɓallin da ke haske a jikinta. Ka bar masu fitowa su gama fita, sannan ka shiga. Idan lokaci ya ƙure, ka shiga ta ƙofar da ta fi kusa ka taka ta ciki. Abu ɗaya kawai za ka kiyaye: wasu ICE jirage biyu ne aka haɗa, babu hanya tsakaninsu ta ciki, kuma a wata tasha a gaba suna iya rabuwa kowa ya kama gabansa. Lambar tarago ita ce za ta tsare ka daga wannan.

Tikitin daraja ta biyu mai araha ba ya zuwa da kujera, daban ake biyanta, 'yan yuro kaɗan. Bayan tafiyar dare, musamman ranar Juma'a ko Lahadi da jirage ke cika, kuɗin nan ba asara ba ne. Wanda bai kama ba ya dubi ɗan allon da ke saman kujera ko a gefenta. Idan babu rubutu, zauna. Idan an rubuta sunayen garuruwa biyu, wani ya kama ta tsakanin waɗannan tashoshin, amma kana iya zama kafin a kai na farkon. Idan ka ga ggf. freigeben, ka zauna da shirin tashi in mai ita ya zo. Manyan akwatuna suna da wurinsu a tsakiya ko ƙarshen tarago. Ka zaɓi kujerar da idonka ke kai wa gare su, fasfo da kuɗi kuwa su zauna a jikinka. Akwai wurin cajin waya a tsakanin kujeru, amma bakinsa mai rami biyu zagayayyu ne, irin na Nijar, don haka mai cajar Najeriya mai ƙafa uku ya taho da adafta. Wasu taragun an ware su don shiru, da hoton waya da aka soke. Kiran gida a ce an sauka lafiya, sai a fita wajen ƙofa a yi shi.

Tafiyar ba ta da tsawo kamar yadda taswira ke nunawa. Layin da ya haɗa Frankfurt da Kolon, wanda aka buɗe a 2002, jirgi yana gudun kilomita 300 a awa a kansa, shi ya sa Kolon ba ta wuce awa ɗaya. Mannheim rabin awa ce, Stuttgart awa ɗaya da 'yan mintuna, Munich kamar awa uku da rabi. Mai zuwa Bonn yakan sauka a Siegburg/Bonn bayan kimanin minti 40, ya hau jirgin cikin gari mai lamba 66 ya ƙarasa. Mai zuwa Kolon kuma ya duba ko jirginsa a Köln Hbf yake tsayawa ko a Köln Messe/Deutz, wadda ke ɗaya gefen kogin Rhine. Ga mai zuwa baje koli, ta biyun ce ma ta fi kusa.

Idan jirgin ƙasan ne ya makara

Sunan da Jamusawa suka yi na kiyaye lokaci bai shafi jiragensu na dogon zango ba a 'yan shekarun nan. A 2024, kashi 62.5 cikin 100 ne kawai suka isa kan lokaci, bisa ƙididdigar kamfanin da kansa. Saboda haka idan tafiyarka tana da sauyin jirgi a hanya, kada ka yarda da tazarar minti biyar da manhaja takan bayar. Akwai wurin da ake ƙara lokacin sauyi, ka mayar da shi minti 20. Ka kuma sayi tafiyar gaba ɗaya a tikiti ɗaya, daga filin jirgi har garinka. Amfanin haka shi ne, idan laifin nasu ne, kuma ana sa ran za ka makara da minti 20 ko fiye a ƙarshen zangonka, ɗaurin da ke kan tikiti mai araha ya warware, kana iya hawa na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba. Makarar awa ɗaya ana mayar maka da kashi 25 na kuɗin tikiti, ta awa biyu kashi 50, kuma ta cikin manhajar ake nema. Haƙƙinka ne, ka nema.

Wanda sauyinsa ya faɗo a babbar tashar Frankfurt kuma yana da lokaci, titin Münchener Straße da ke gaban tashar yana da gidajen abincin halal da masallatai. Unguwar tashar dai tana da 'yan ƙwaya da masu yankan aljihu, a riƙe jaka ta gaba. A filin jirgin ma akwai ɗakin salla na Musulmi, ka tambayi teburin bayanai su nuna maka mafi kusa, ka yi sallarka cikin tazarar nan da ka bari.

Ranar komawa gida

Lissafin juyawa yake yi: yanzu makarar jirgin ƙasa ce za ta iya sa ka rasa na sama, kuma kamfanin jirgin sama ba zai saurari uzurin ba sai in su suka sayar maka da tikitin a haɗe. Ka zaɓi jirgin da zai kai ka filin awa huɗu kafin tashi, ka kuma tabbatar akwai wani a bayansa da zai iya kai ka idan an soke na farkon. A manhaja ka rubuta Flughafen, domin ba duk ICE da ke zuwa Frankfurt ne ke tsayawa a filin jirgi ba. Wasu babbar tashar gari kawai suke shiga, daga can sai ka gangara ƙasa ka hau S8 ko S9 mai zuwa Wiesbaden. Masu tafiya da Lufthansa suna iya ba da akwatunansu a teburan da ke kan hanyar fitowa daga tashar dogon zango, kafin su tsallaka gadar zuwa Terminal 1.